Rijiyar makaranta a hanyar Obuasi: mu biya kuɗin gwajin ruwa ko mu sayi tanki?

Magatakarda (Asawase):
Assalamu alaikum jama'a. Kwamitinmu ya haƙa wa wata Islamiyya rijiyar burtsatse a wani zango da ke kan hanyar Obuasi, gaba da Anwiankwanta. Zurfinta mita 62, an tarar da ruwa a mita 22. Ruwan yana fitowa garau, amma in ya kwana a bokiti sai ya yi ja-ja, gindin bokitin kamar tsatsa. Takardar da mai haƙa ya ba mu pH (ma'aunin tsamin ruwa), gishiri, ƙarfe da ƙwayoyin cuta kawai ta nuna. Sidi 6,000 ya rage a asusu, na tanki ne da ƙafarsa. Wani ya ce kada yara su sha sai an auna gubar arsenik da zaiba da dalma, tunda yankin zinariya ne. Mu taɓa kuɗin tankin? In za a auna, ina za mu kai, kuma yaya ake ɗibar ruwan?

Hajiya ta Sawaba:
Wa alaikumus salam. Malam, jan ruwa ba baƙon abu ba ne a Kumasi. A jefa alam, a bari ya kwanta, a tafasa na sha. Ku sayi tankinku.

Malamin Lab (Ayigya):
Hajiya, a gafarce ni, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Arsenik ba ya bin tururi, ruwan ne ke raguwa shi yana nan, sai ma ya ƙara yawa a abin da ya saura. Jan da ake gani ƙarfe ne da ya haɗu da iska, watakila da manganis. Arsenik kuwa ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. Duwatsun zinariyar Obuasi suna ɗauke da ma'adinin arsenofairait, shi ya sa ba a yin ganganci da rijiyar wannan yankin. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lita ɗaya: arsenik maikirogiram 10, dalma 10, zaiba 6, kadmiyam 3.

Malam Magatakarda, yawancin ɓarna tun a bakin rijiya ake yinta. Kada ku ɗiba a gorar lemo ko ta ruwan sayarwa. Ku karɓo kwalbar roba mai ƙwari (HDPE) daga ɗakin gwajin, wadda aka jiƙa kwana guda cikin asid ɗin naitirik kashi 10 cikin ɗari aka ɗauraye da tataccen ruwa. Ku kunna famfo ya zubar da ruwan da ya kwana a bututu, ninki uku. In bututun inci 5 ne, kowace mita tana riƙe kusan lita 12, ku kuma kuna da mita 40 na ruwa, wato wajen lita 1,500 za a zubar kafin a tara kwalba. Sai a ɗiga asid ɗin naitirik mai tsabta, kamar mililita 2 a lita, har pH ya sauka ƙasa da 2. In ba a sa ba, ƙarfen nan zai kwanta a hanya ya janye arsenik tare da shi zuwa gindin kwalba, a auna na sama a ce muku lafiya lau. Zaiba kwalbarta daban, ta gilashi, kuma kada ta wuce kwana 28. Ta fuloraid da naitiret ba a sa mata asid. Duka a saka su cikin kula mai ƙanƙara, a rubuta rana da sa'a a jiki.

Mai Haƙa Rijiya (Tafo):
Duk wannan dogon lissafi na masu farar riga ne. Wanda ya san ƙasa da launin ƙurar da injin ke fitarwa ya san ruwa. In an wuce jar ƙasa da ruɓaɓɓen dutse, aka sa bututu mai tsaga a daidai jijiyar ruwa, aka zuba tsakuwa, aka rufe mita 5 na sama da siminti, ruwan galamse, wato haƙar zinariya ba bisa doka ba, ba shi da hanyar shiga. Gwaji cikakke sidi 350 ne, kada a tsorata ku.

Baban Yara (Aboabo):
Sidi 350 ɗin nan shi ya jefa wata makaranta a wani ƙauye bayan Obuasi cikin halin da take ciki yau, don haka ku saurara. Mata ne suka yi adashe shekara biyu, 'yan kasuwar doya suka cika. Aka ba wani yaro ruwa a gorar lemo ya hau mota, ruwan ya yini a rana, ya kwana a shago, washegari ya isa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Takarda ta fito, gaban arsenik an rubuta ND, wai ba a gani ba. Aka yi walima, aka ɗora tanki, aka ja famfo har masallaci, maƙwabta suka bar tsohuwar rijiyarsu suka dawo nan. Sai da wasu ɗaliban jami'a suka zo ɗibar ruwa don bincikensu aka gane arsenik ɗin ya ninka iyaka. Da aka koma kan takardar farko, can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta cewa na'urarsu ba ta ganin abin da bai kai miligiram 0.1 ba. Iyaka kuwa 0.01 ce. Ka ga ko ruwan ya ninka iyaka sau tara, ND za su rubuta.

Aka je musu, suka ce ai ba a tambaye su da wace na'ura ba. Mai haƙa ya ce aikinsa ruwa ne, kuma ruwa ya fito. Yanzu famfon na ɗaure da sarƙa, tankin na tsaye ba komai a ciki, yaran sun koma sayen ruwan leda, shugaban kwamitin kuma, dattijo mai mutunci, ana nuna shi da baki wai ya ci kuɗin mata. Wallahi bai ci ko sisi ba. Iyaye kullum suna duba tafin hannun 'ya'yansu, don an ce musu nan cutar ke fara nunawa.

Hajiya ta Sawaba:
Innalillahi. To yaran an duba su?

Nas (Alabar):
Hajiya, tabon fata da kaurin tafi sai an yi shekaru ana sha suke fitowa, ba a jiransu. Arsenik a fitsari ake aunawa, kuma a hana yaro kifin teku da kaguwa da jatan lande na 'yan kwanaki kafin nan, in ba haka ba sakamakon zai hau alhali nau'in da ke cikin kifi ba shi ne mai illar ba. Gashi da farce suna nuna na watannin baya, amma ƙura na ɓata su. Dalma a jini ake dubawa. Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400, ba zai ce wannan zancen farar riga ba ne.

Ɗan Magazin:
Ni dai in an auna aka ga zinariya a ruwan, a sanar da ni, zan zo da jarka goma.

Baban Yara (Aboabo):
Ƙanena, bar wasa a nan, maganar yara ake.

Malamin Lab (Ayigya):
Abin da Baba ya faɗa shi ne tambayar da za ku fara yi kafin ku biya: wace na'ura, kuma mene ne mafi ƙanƙantar abin da take gani? Na'urar AAS mai harshen wuta ta isa ga ƙarfe da manganis da tagulla. Arsenik sai AAS mai haidiraid ko mai murhun girafait, ko na'urar ICP-MS, dalma da kadmiyam sai mai murhun girafait ko ICP-MS, zaiba sai hanyar tururi mai sanyi. Ku ce a rubuta adadi, ba ND ba. Ku tambaya ko suna da shaidar ISO 17025 ta ƙwarewar ɗakin gwaji a kan wannan gwajin takamaimai. Ku haɗa da kwalba ɗaya ta tataccen ruwa da aka buɗe a bakin rijiyar aka sa mata asid, da wata ta biyu ta ruwan rijiyar da wani suna daban. In tagwayen suka saɓa sosai, takardar ba abin dogaro ba ce. Wuraren tambaya: babban ɗakin gwaji na jami'ar KNUST nan Kumasi, Cibiyar Binciken Ruwa ta hukumar binciken kimiyya CSIR da Hukumar Ƙa'idoji ta Ghana a Ankara (Accra). Da irin wannan na'urar, ku sa ran abin zai haura sidi 1,000.

Ɗalibar Kwabenya:
Wani ya turo mini a asirce wai a kai wa Hukumar Makamashin Atom. Injin nukiliyarsu na bincike, GHARR-1, yana auna abubuwa da yawa lokaci guda ta hanyar harba niyutiron, kuma ya fi dacewa da ƙasa, dutse, gashi da ganye. Arsenik yana fitowa da kyau a nan, amma dalma ba ta wannan hanyar ake kama ta ba. Kuma 1,000 ɗin Malam ya yi yawa, ana biya ne bisa kowane sinadari, huɗu ba za su wuce 600 ba.

Mai Piya Wata (Sabon Zango):
600 a ina? Na masu neman rajistar FDA, hukumar abinci da magunguna, ya kusa 2,000, ban da kuɗin mota. Kuma ku sani, ko matatar RO, mai tura ruwa ta siririn fallen tacewa, ba ta kama arsenik da kyau in yana siffar da ya saba zama a ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai an fara sa kulorin ya juya shi. Ƙaramar na'urar TDS da ake yawo da ita gishiri kawai take nunawa.

Mai Haƙa Rijiya (Tafo):
Kowa ya zama malami. Ku da ba ku taɓa tsayawa kan inji ba.

Malamin Lab (Ayigya):
Alhaji, ba wanda ya raina aikinka. Simintinka yana tare ƙazantar sama, wannan gaskiya ne. Amma in daga jikin dutsen arsenik ke narkewa, ta cikin tsagar bututun zai shigo.

Baban Yara (Aboabo):
Tunda Alhaji ya kawo maganar, masu haƙa nawa ne ke ba da takardar da ke nuna irin dutsen da aka ratsa mita bayan mita? Doka tun 2006 ta ce mai haƙa ya riƙe lasisin Hukumar Albarkatun Ruwa. Ku zaga zangunanmu ku ga rijiyoyin sadaka: allo mai sunan mai bayarwa, an ɗauki hoto an tura masa, an tafi. Ba takardar dutse, ba gwaji, wata ma taku goma tsakaninta da masai. Famfon tagulla mai arha da ake ɗaura musu shi kansa yana iya sakin dalma.

Hajiya ta Sawaba:
Ai dole mutane su rungumi kowace rijiya. Famfon gwamnati sai ya yi mako bai zo layinmu ba, takardar kuɗi kuwa ba ta fashi. Ga kogin Offin da ke cika madatsar ruwan Barekese, 'yan galamse sun mai da wasu sassansa kamar koko.

Magatakarda (Asawase):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma har yanzu farashi huɗu ne a gabana, kwamiti kuma zai zauna ranar Juma'a bayan la'asar. Malam na Ayigya, asid ɗin su ne za su zuba a kwalbar tun daga can, ko sai mun nemi wanda zai bi mu da shi?

Mai Haƙa Rijiya (Tafo):
Baba, maganar lasisi kada a yi mana kuɗin goro. Masu ba da kwangilar ne ke cewa a rage farashi, a cire gwaji, a cire siminti. Su za ku fara tambaya.