Tsohuwar rediyo mai bawul: yaya za a ɗauko ta, kuma me zai sa ta kama tasha?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Akwai rediyo ta kamfanin Grundig mai akwatin katako, ƙirar shekarun 1950, da za a turo daga Jos zuwa Kano a motar haya. Ta daɗe a ajiye. Yaya za a naɗe ta, kuma in ta iso a jona ta kawai?

Baba Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kuskura ka jona ta kai tsaye. Ba bawul (ƙwan gilashin da ke cikin rediyon, mai ƙara ƙarfin sigina) ne ke fara lalacewa ba, kwandensa ne, wato ɗan abin da ke riƙe wuta. Na takarda da kakin zuma suna yoyon wuta in sun tsufa, mafi haɗari kuma shi ne wanda ke gaban bawul ɗin ƙarshe, wanda galibi lambarsa EL84 ce. In ya yi yoyo sai bawul ɗin ya ja wuta fiye da kima ya ƙona taransifomar lasifika, wadda samunta sai an sha wuya. A canza wannan kwandensan da sabo mai ɗaukar bolt 630.

Duba bayanta, akwai wurin zaɓen ƙarfin wuta. Ka tabbata yana kan 220 ko 240, ba 110 ba. Kunnawar farko kuma a bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai zare, wat 60 ko 100. In ya haska ya dusashe, alhamdulillahi. In ya tsaya da haske sosai, kashe nan take. Ko an cire ta daga soket, manyan kwandensa na iya riƙe sama da bolt 250, saboda haka hannu ya kiyaye.

Injiniya: Wajen ɗauko ta, a zare kowane bawul, a rubuta gurbinsa a takarda, a naɗe su ɗaya-ɗaya cikin ƙaramin kwali daban. Kada a goge su da ruwa, lambar jikinsu fita take. A ɗaure kusoshin ƙasa masu riƙe injin a jikin akwatin da kyau, don taransifomar wuta tana da nauyi, in mota ta faɗa rami ita ke fasa gilashin tashoshi. Gilashin nan ba shi da madadi, a rufe shi da kwali da soso. Kwali biyu, da soso kaurin santimita 5 tsakaninsu, kuma a roƙi direba kada a ɗora mata buhu.

Mai Sauraro: Baba ya gama magana kan wuta. Saura eriya. Waya mai rufi mita 10 zuwa 20 ta isa, a miƙa ta sama, nesa da wayar lantarki, a cire ta idan hadari ya taso. Da rana nemi gajeren zango a mita 16 da 19, da dare ka sauko 31, 41 da 49. In ka ji ƙugi ko'ina, kashe inbata da cajar waya da ƙwan LED ɗaya bayan ɗaya, za ka gano mai laifin. FM ɗin irin waɗannan yawanci a 100 yake tsayawa, don haka tashoshin da ke sama da nan ba za su shigo ba, ba lalacewa ba ce.