Sparse na ta yi min gargaɗi a kan manunin direba, in sa __force ne?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta ƙaramin direba na Linux (kod ɗin da kenel, wato zuciyar Linux, ke magana da na'ura ta hanyarsa) don aikin kammala karatuna a jami'ar KNUST, na'urar auna zafi ce a kan allon ARM. GCC, mai haɗa kod, ya haɗa shi lafiya lau, kuma yana aiki. Da na buga make C=1, sai Sparse, shirin da ke duba kurakurai a kod ɗin kenel, ya fito da gargaɗi biyu. Na farko a cikin ioctl (ƙofar da shirin mai amfani ke aiko wa direba umarni), inda na mayar da arg, adireshin da shirin ya aiko, zuwa manuni (pointer) na struct cfg * na miƙa wa copy_from_user, mai kwafo bayanai daga mai amfani zuwa kenel, ya ce "incorrect type in argument 2 (different address spaces)". Na biyu, "dereference of noderef expression", a layin da nake karanta rijistar na'urar da *base, manunin da ioremap ya ba ni. Abokina ya ce in liƙa __force, alamar da ke sa Sparse ya yi shiru a kan sauya nau'in manuni, kowa ya huta. Me kuka gani?

Malam na Asawase: Wa alaikumussalam ƙanina. Don Allah kar ka sa. Shirun GCC ba shaida ba ce, domin alamar yankin adireshi da ke cikin __user (manunin mai amfani) da __iomem (manunin rijistar na'ura) tana aiki ne kawai idan an ayyana __CHECKER__, wato lokacin da Sparse ke dubawa. Linus Torvalds ya fara rubuta Sparse a 2003, kuma cakuɗa manunin mai amfani da na kenel yana cikin manyan abubuwan da aka yi shi don kamawa. Adireshin da ya zo ta arg wani shiri ne daga waje ya ba ka, kenel bai san gaskiyarsa ba. Rubuta void __user *up = (void __user *)arg, ka miƙa up. Sannan ka lura, copy_from_user yana dawo da adadin bayit ɗin da bai kwafa ba ne. In ba sifili ba, ka mayar da -EFAULT, lambar kuskuren mummunan adireshi.

Yaya daga Nima: Na biyun ya fi damuna. Abin da ioremap ya ba ka rijistar na'ura ce, ba ƙwaƙwalwa ta yau da kullum ba. In ka karanta da *base, mai haɗa kod zai iya karantawa sau ɗaya ya riƙe, ko a sauya jerin karatu da rubutu. Yau zai yi aiki, gobe ka canza allo ya tsaya ba ka san dalili ba. Yi amfani da readl da writel, in kuma dunƙule ne, memcpy_fromio.

Ɗan Aboabo: Na gode Malam, na gode Yaya, duk biyun sun tafi. Amma a cikin struct cfg akwai manuni zuwa bafar (wurin ajiyar bayanai) mai amfani. Shi fa?

Malam na Asawase: Mayar da shi __u64, wato lamba mai bit 64, ka fito da shi da u64_to_user_ptr, don shirin 32-bit da kenel 64-bit su ga tsari ɗaya. Kuma C=1 fayilolin da ake sake haɗawa kaɗai yake dubawa. Buga C=2 a kan direban duka, ka turo mana abin da ya fito.