Mai gidan hayarmu ya gayyace mu bikin Ganesha, yaya zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Pune ta Indiya. Mai gidan da muke haya ya kawo gunki mai kan giwa ya ajiye a falo, an lulluɓe shi da furanni, ya ce gobe da yamma mu shigo. Shi yana cewa Ganapati, matarsa tana cewa Bappa, yaransa kuma Ganesha. Abu guda ne? Mutumin kirki ne, ba na son ɓata masa rai, ba na kuma son taɓa addinina. Waɗanda suka riga mu zama a nan, ku ba ni shawara.

Wani mazaunin Mumbai: Wa alaikumus salam ƙanina. Guda ne, abin bautar mabiya addinin Hindu ne, sunayensa ne suke da yawa. Za ka ji Vinayaka, da Gajanana mai fuskar giwa, da Ekadanta saboda haurensa ɗaya a karye yake. A wurinsu shi ne mai kawar da cikas, shi ya sa suke fara kiran sunansa kafin buɗe shago, ɗaurin aure ko jarrabawa. Ka duba ƙasan gunkin, za ka ga ɗan ɓera, wai shi ne abin hawansa. Hannuwansa galibi huɗu ne, akwai gatari, igiya, da modak, wato alawar garin shinkafa da ake cusa wa kwakwa da mazarƙwaila.

A labarinsu uwarsa Parvati ce, ubansa Shiva, su ma abin bautarsu ne. Parvati ta tsayar da shi gadin ƙofa tana wanka, ya hana Shiva shiga, Shiva ya fusata ya sare masa kai, daga baya aka ɗora masa na giwa. Ɗan'uwansa Kartikeya, mai hawan ɗawisu.

Wata ɗaliba a Chennai: A nan kudu Murugan suke kiran Kartikeyan, Ganesha kuma Pillaiyar. Ko batun aurensa ba su daidaita ba: a arewa ana ba shi mata biyu, Riddhi da Siddhi, a nan kuwa da yawa gwauro suka ɗauke shi. Don haka kada ka yi musu da mai gidanku in nasa labarin ya bambanta.

Wani malami: Sani ba laifi ba ne, maƙwabtaka kuma tana da haƙƙi. Amma lokacin da za su kewaya fitila gaban gunki suna waƙa, ibada ce, ka kauce mata. Kada ka rusuna, kada ka bari a shafa maka ja a goshi. Abincin da aka miƙa wa gunki, prasad, ni dai ba zan ci ba.

Mazaunin Mumbai: Gaskiya ne malam. Ka je bayan an gama, ka cire takalmi a ƙofa, ka gaishe su. Ka faɗa wa mai gidan tun yau cewa addininka bai yarda da shiga ibadar ba. Da Musulmi suke zaune tun kaka da kakanni, ba sabon zance ba ne gare su.

Mai tambaya: Na gode. Kwana nawa ake yi? Ganguna sun hana mu barci.

Mazaunin Mumbai: Sai haƙuri, kwana 10 ne, kuma ka faɗo cibiyar abin, don a Pune Bal Gangadhar Tilak, wani jagoran fafutukar 'yancin Indiya, ya mayar da bikin taron jama'a a 1893. Ranar ƙarshe ake kai gumakan ruwa a nutsar, tituna su cushe har gari ya waye. Ka yi cefanenka tun ana gobe.