Tayar da injinan wuta bayan layin ƙasa ya faɗi: abin da aka tattauna a Sharaɗa, Kano

Mun zauna da wasu injiniyoyin lantarki bayan La'asar, hira ta kai mu ga yadda ake tayar da injin wuta idan layin ƙasa, wato babban layin da ke rarraba lantarki a faɗin Najeriya, ya faɗi gaba ɗaya.

Kowa ya yarda daga madatsun ruwa ake farawa, Kainji, Jebba ko Shiroro, don ƙaramin janareta na dizal ya isa ya buɗe ƙofofin ruwa. Galibin tashoshin gas sai an kai musu wuta tukuna.

Inda aka daɗe shi ne haɗa ɓangarori biyu na layin da suka tashi daban. Wani dattijo ya ce kada a kuskura a rufe makunni sai ƙarfin wuta, bugunta na 50 a daƙiƙa, da kusurwarta (wato bugun ɓangarorin biyu ya zo tare, ba wani gaba wani baya ba) sun daidaita, in ba haka ba injin zai sha jijjiga. Nan ma'aunin kusurwar wuta ke da rana: yana ɗaukar lokaci daga GPS, yana aika awo har sau 50 a daƙiƙa, don haka ana iya kwatanta Shiroro da tashar rarraba wuta ta Kumbotso a Kano a lokaci guda. Tsohon tsarin sa ido kuwa sai bayan daƙiƙa 2 zuwa 4.

Wani ya ja kunne kan dogon layin kilobolt 330 da babu kaya a kansa, wato ba a jan wuta daga gare shi: ƙarfin wuta yakan hau a ƙarshensa, kuma Kano can ƙarshe take. Shawararsa, a riƙa ɗora unguwanni kaɗan-kaɗan, asibitoci da gidan ruwa a gaba.

Ni dai abin da ya fi kama ni batun batir ne. Ma'aunin da batirinsa ya mutu cikin duhu ba ya aika komai.