An kifa Baba rub-da-ciki a asibiti, daidai ne kuwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Yau kwana huɗu Babanmu yana ɗakin kulawa ta musamman, nimoniya ta ci ƙarfin huhunsa, na'ura ce ke taya shi numfashi. Jiya ina shiga na tarar an kifa shi rub-da-ciki, hannu ɗaya a sama kamar mai ninƙaya, fuska duk ta kumbura. Wallahi jikina ya mutu. Yaya ya ce sakaci ne, Hajiya kuma ta ce kwanciyar 'yan wuta ce. Mu sa su mayar da shi rigingine?

Wata nas: Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannunku da jinya. Ba sakaci ba ne, magani ne. Yawancin naman huhu ta baya yake. In mutum yana rigingine, zuciya da kayan ciki suna danne wurin, ruwa ya kwanta, iska ta kasa shiga. In an kifa shi sai wurin ya buɗe. A wani bincike na 2013 a asibitocin Faransa da Sifen, cikin waɗanda aka kifa aƙalla awa 16 a jere kashi 16 cikin ɗari suka rasu, waɗanda aka bari rigingine kuwa kusan kashi 33.

Juyin ma ba wasa ba ne, mu biyar muke taruwa, ɗaya a kansa riƙe da robar maƙogwaro kar ta zame. Kumburin fuskar yakan saɓe bayan an mayar da shi. Ki dai tambaye su cikin ladabi: ana sauya masa gefen kai da hannu duk awa biyu? Ana duba goshi, haɓa da gwiwoyi kar su yi gyambo? Idanun a rufe suke? Amma kar ku kuskura ku juya shi da kanku.

Wani dattijo: 'Yata, ki gaya wa Hajiya hanin na mai lafiya ne. Wannan larura ce, babu laifi a kansa.

Wata 'yar uwa: Haka aka yi wa mijina lokacin korona a 2020, shi idonsa biyu ma. Mita yake ta yi ƙirjinsa na ciwo, sai da aka tokara masa filo. Ina kallon lambar oksijin tana hawa.

Mai tambaya: Na gode Anti, na gode Baba. Yau da safe na tarar an mayar da Babanmu rigingine, an ɗaga gadon ta wajen kai. Sun ce da yamma za su sake kifa shi. Yaya ne dai har yanzu bai sauko ba.