An ba ni shugabancin ƙungiyarmu ta lafiya, ta ina zan fara?

Maman Hanifa:
Salam 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa riƙe ƙungiya ina neman shawara. Ni nas ce, ƙungiyarmu na aikin tamowa da awon ciki a ƙauyuka, to wanda ya kafa ta ya ce ya gaji, ya koma ciyaman na kwamitin amintattu aka ce ni zan hau kujerarsa. Aikin asibiti kam na sani amma yanzu sai takardu da mitin, kuma waɗanda jiya muke cin abinci kwano ɗaya yau ni ke sa hannu a takardar hutunsu. Abin da ya fi damuna in na yanke magana sai wasu su zagaya su kira tsohon oga. Ya zan yi?

Akanta Zazzau:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya taya riƙo. Kafin komai ki rufe ƙofa ke da akantanku ki masa tambaya ɗaya, in masu ba da tallafi suka tsaya yau wata nawa za mu iya biyan albashi? Ba wasa nake ba, a Janairun 2025 Trump ya sa hannu aka dakatar da tallafin Amurka na kwana 90, kafin a ankara USAID ɗin ma, hukumar Amurka da ke raba tallafin, an rufe ta, ƙungiyoyin da da ita kaɗai suka dogara sallamar ma'aikata suka dinga yi. Sannan ki sani kuɗin da kike gani a asusu ba duka naku ba ne. Wanda aka bayar don abincin tamowa, na gyaɗar nan na leda, ba a taɓa shi a sayi dizal ko da niyyar a mayar in wani ya shigo, ranar odit ba mai sauraron niyya, rasit ake nema. Ki duba takardu ma, rahoton shekara da ake kai wa CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), satifiket ɗin SCUML (sashen EFCC mai hana halasta kuɗin haram) da banki ke tambaya, harajin albashi da fanshon ma'aikata. Kuma kar kobo ya fita da sa hannunki ke kaɗai.

Hajiya Yaya:
Ƙanwata maganar tsohon oga ita ce babba, sauran duk ana koya. Kar ki tare shi a mitin, ki shirya ki je gida ki gaishe shi da mutunci, dattijo ne kuma gumin sa ne ƙungiyar. Ki roƙe shi abu ɗaya tak, duk wanda ya kira shi kan hutu ko alawus ko waye zai tafi horo ya ce masa je ka sami shugabarku. In ya yi haka sau biyu uku wallahi kiran zai mutu da kansa. Daga baya ku rubuta, kwamiti shi ke amincewa da kasafi, shi ke duba aikinki, zai ma iya sauke ki, amma harkar yau da gobe taki ce.
Ke ma fa ki kama kanki. Ku ma'aikatan lafiya in takardu suka ishe ku sai ku gudu wajen awo ku ɗau abin auna damtsen yara saboda nan ne kuke jin daɗi, a bar rahoton masu tallafi yana jira. Ki naɗa wadda za ta riƙe tsohon aikinki ki sakar mata.

Ɗan Fagge:
Hajiya Yaya ki gafarce ni, a nan na ɗan saba. Shugaban da ya maƙale a ofis rahoto kawai yake gani, shi kuma rahoto kullum lafiya lau yake. Ta dinga fita, ba don ta yi allura ba, don ta ga hakimi da dagaci da liman da kwamitin ci gaban mazaɓa, ta kuma kai gaisuwa hukumar lafiya matakin farko tunda a asibitocinsu ake aikin. Mu nan Kano mun gani ai, gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ya bar tabo, 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna sai 2004 aka dawo, alhali magani yana nan kuɗi suna nan, yarda ce babu, sai da sarakuna da malamai suka shigo sosai tukunna. Wannan zuwan ba a aika yaro, shugaba ake son gani.

Hajiya Yaya:
Ai ba mu saba ba ɗana, fita a matsayin shugaba daban, komawa nas daban.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na zauna da akanta kuma gaskiya amsar ba daɗi, kusan komai namu daga hannu ɗaya yake zuwa kuma yarjejeniyar ta kusa ƙarewa. In faɗa wa ma'aikata ko in yi shiru kar hankalinsu ya tashi?

Akanta Zazzau:
Ciyaman za ki fara faɗa wa, a rubuce, kar ya ji a bakin wani. Bayan nan ki tara ma'aikata ki faɗa musu watan da yarjejeniyar za ta ƙare da inda kuke nema, dama direba da mai gadi sun riga sun ji ƙishin-ƙishin. Kar dai ki yi wa kowa alkawarin aikinsa na nan. Ki kuma kira masu tallafin tun yanzu ki tambaye su ko akwai sabuntawa, ki nemi amsar ta imel.