Muhawara: 'Yan Ireland sun riƙe wurinsu a New York, mu fa?

Direban tasi a Bronx: Jama'a, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai na sauke fasinja a ƙofar McSorley's, tsohuwar mashayar 'yan Ireland da ke Manhattan. Masu wurin sun ce tun 1854 aka buɗe ta, bayan yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 da ta kashe musu mutum kusan miliyan ɗaya, ta kori wasu zuwa Amurka. A irin waɗannan wurare baƙonsu ke samun labarin aiki da masauki. Har yau garin katako suke barbaɗawa a ƙasa kamar da. Majalisarsu ce, sun riƙe ta. Mu fa? Ko ɗaki ɗaya mun kasa riƙewa, sai faɗan shugabancin ƙungiya.

Malamin Islamiyya: Subhanallahi! Ɗan'uwa, gidan giya kake kira majalisa? Ka janye kalmar nan.

Direban tasi a Bronx: Allah gafarta Malam, ban ce a sha ba. Haɗin kai nake magana.

Malamin Islamiyya: Majalisa wurin dattawa ce, inda ake sasanta mutane. Ba a haɗa ta da wurin maye.

'Yar Zinder: Wane sasanci, Malam? Majalisun ƙofar gida da na sani gulmar matan da ke wucewa ake yi. Ita ma McSorley's ɗin ba ta bar mata sun shiga ba sai 1970, bayan an kai ta kotu. Duk kanwar ja ce.

Ɗan Fagge: Hajiya, ki yi maganar majalisun garinku. A Kano a majalisa ake haɗa kuɗin asibitin maƙwabci.

'Yar Zinder: Su Kano dai kullum ku ne na kirki.

Mutumin Jos: Ku tsaya. Yawancin mashayun da ake cewa na 'yan Ireland a duniya ma ba tsofaffi ba ne. Wani kamfani a Dublin, Irish Pub Company, tun wajen 1990 yake ƙera kayan adonsu yana aikawa ƙasashe, da haɗin gwiwar Guinness. Kasuwanci ne. Kuma masana'antar Guinness ta farko a wajen Ireland da Birtaniya a Ikeja aka gina ta.

Ɗan Fagge: Kai ina ka san duk wannan? Da alama kai ɗan gida ne a can.

Mutumin Jos: Ka iya bakinka. Karatu na yi. Ko an haramta karatu ne?

Direban tasi a Bronx: Don Allah a dawo kan maganar ɗakin taronmu.

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da aka cimma shi ne Malam ya yi gaskiya, mashaya ba majalisa ba ce, kuma an tabbatar majalisun Kano na taimakon jama'a ne. Mutumin Jos ya nemi afuwar Ɗan Fagge kafin magariba, in ba haka ba a cire shi.